Akwatin goge EPROM: duba lambar aisinka kafin ka saya

Wannan ɗan akwati mai fitilar UV (hasken ultraviolet da ido ba ya gani) aikinsa ɗaya ne, wato goge bayanan da ke cikin EPROM, wani nau'in aisi (IC, ƙaramin kayan lantarki mai ƙafafu) mai ajiye bayanai, kuma yana yin sa da kyau. Ka zaro aljihun, ka jera aisin tagarsu na kallon fitila, ka mayar, ka murɗa agogo. Tsoffin aisin EPROM masu lamba 27C256 da nake aiki da su sukan goge tas cikin minti 15 zuwa 20. Idan na ɗora su a na'urar karantawa, FF kaɗai nake gani daga farko har ƙarshe, alamar babu sauran komai. Abin da ya fi burge ni, fitilar na mutuwa da zarar an ja aljihun, domin haskenta na UV yana illata ido. Agogon ne dai lambobinsa suka yi ƙanana.

Damuwata ita ce masu sayensa da ba sa buƙatarsa, saboda ana kiran kowane aisi mai ajiye bayanai EPROM. EPROM na asali, wanda Dov Frohman ya ƙirƙira a Intel a 1971, shi ne mai tagar gilashi a bayansa, kana hango ɗan silikon ɗin yana ƙyalli a ciki. Haske ke goge shi, kuma gaba ɗaya yake gogewa. Shi ya sa bayan rubutu ake toshe tagar da sitika. In ka ga lambar aisin ta fara da 27 amma babu taga, yawanci na rubutu sau ɗaya ne, ko ya kwana a akwatin ba zai goge ba. Akwai masu saɓa wannan, kamar W27C512 na Winbond, wanda lantarki ke gogewa.

EEPROM, irin su 28C256 da ƙananan 24C02 masu ƙafa takwas, da lantarki ake goge shi, bait (ƙaramin ma'aunin bayanai) ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an cire shi daga allo ba. Filash, wanda Fujio Masuoka ya samar a Toshiba a shekarun 1980, shi ma lantarki ne, sai dai gunduwa-gunduwa yake gogewa. Mai gyaran BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) ɗin kwamfutar zamani da filash mai lambar da ta fara da 25 yake hulɗa, na'urar rubutu ta ishe shi.

Ga mai farfaɗo da tsoffin na'urori masu aisi mai taga, ina ba shi shawarar ya mallaki akwatin. Ya kuma duba wutar rubutun kowane aisi: 27C256 kimanin bolt 12.5 yake so, tsohon 2716 kuwa har 25.