Kyamara ko ƙarfe: wanne za a fara sa wa sabon gida?

Wani ɗan'uwa ya kawo tambaya. Ya gama gida mai ɗaki uku a bayan gari, unguwar ba ta cika ba, kangwaye sun fi gidajen da aka tare yawa. Mai sa kyamara ya ba shi lissafi, mai walda ma ya ba shi nasa, kuɗin da ya rage kuma na ɗaya ne kawai. Wanne zai fara? Sannan gwal ɗin maiɗakinsa da takardun fili, a gida za su zauna ko a kai su wani wuri?

Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Ka fara da ƙarfe. Kyamara ido ce, ba ta da hannu. Za ta nuna maka yadda aka shiga, amma ba za ta riƙe kowa ba. Ɓarawon da ke haura gida abu biyu yake tsoro, ɓata lokaci da ƙara. Ƙofar da za ta cinye masa rabin awa yana dukan ƙarfe har maƙwabta su farka ta fi masa ciwo a kan hotonsa da aka ɗauka ya naɗe fuska da rawani. Sai dai ba kowane ƙarfe ne ƙarfe ba, kuma nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi.

Mu ɗauki ƙofa. Yawancin ƙofofin da ake shigowa da su masu araha, masu sheƙi da makulli mai harsuna da yawa, falan ƙarfensu bai kai milimita 1 ba, cikinsu kuma kwali ne da aka saƙa kamar saƙar zuma. Sandar ƙarfe ɗaya aka zura tsakanin ƙofar da firam, sai ta lanƙwashe. Ƙofar mai walda ta gida, in an tsaya a kansa, ta fi ta nesa ba kusa ba. Ka ce masa falan ƙarfen ya kai milimita 2, da ƙarafan ƙarfafawa a kwance ta ciki, hinji uku, kuma walda ta bi layi gaba ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba. Ka je da kanka ranar sayen ƙarfen, domin da an shafa fenti ba ka iya bambance mai kauri da marar kauri da ido.

Amma fa sau da yawa ba ƙofar ce ke ba da kai ba, firam ne. Bulo mai rami ba ya riƙe komai. In aka kafa firam da 'yan kunnuwa biyu aka lulluɓe da filasta, za a ciro ƙofar da firam ɗinta gaba ɗaya, makullin yana kulle. Abin da ya dace shi ne kunnuwa uku a kowane gefe, kowanne ya shiga bango kamar santimita 15, sannan birkila ya cika ramukan bulon da ke jikin firam da kankare tun daga ƙasa har linta. Buhun siminti ɗaya da ɗan tsakuwa ya isa ƙofa ɗaya, har ya yi saura.

Makulli ma yana da nasa. Irin wanda ake zura masa silinda, wato ɗan bututun da ɗan makulli ke shiga, in silindar ta leƙo waje fiye da milimita 3, ana kama ta da ƙarfe a karya ta daga tsakiya, nan ne take da rauni. A sa wadda ta yi daidai da kaurin ƙofar, a rufe ta da farantin ƙarfe. In kwaɗo ne, a nemi mai ƙaho mai kaurin milimita 10 zuwa sama, kuma mai walda ya yi masa ɗan akwati da zai ɓoye ƙahon, don babban almakashin yankan ƙarfe ya rasa wurin cizo. Kwaɗo mai tsada a kan maƙali siriri asara ce, maƙalin za a yanke. Da dare kuwa, mutane suna ciki, har yau babu abin da ya kai sakata biyu masu kauri, ɗaya sama ɗaya ƙasa, saboda daga waje babu abin da za a taɓa.

Ƙarafen taga su zama rodi mai cikakken ciki, milimita 16 in da hali, 12 in an matsu. Fayif mai rami yana da kyan gani, amma zarton ƙarfe yana gama shi nan da nan. Tazarar da ke tsakanin rodi kada ta wuce santimita 10 zuwa 12, domin in ta fi haka ana iya zura ƙaramin yaro ya buɗe ƙofa ta ciki. A sa ƙarfe a kwance duk bayan santimita 40 zuwa 50, shi ne ke hana a buɗa rodin da jak ɗin mota. Kuma a binne ƙafafunsa a bango, kada a ɗaure shi da kusoshi a jikin firam ɗin alminiyom.

Akwai abin da ba ma yarda a tsallake a nan: gobara. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga zai hana iyalinka fita. An sha rasa rayuka a gidajen da wuta ta tare ƙofa, tagogi kuma duk a walde, musamman lokacin hunturu da ake shiga ɗaki da garwashi ko a bar hita a kunne. Kowane ɗakin kwana ya samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa ta ciki. A rataye makullinta kusa, inda hannu daga waje ba zai kai ba, kuma kowa a gidan, har yara masu wayo, ya san wurin ko a cikin duhu.

Sai sama, inda kusan kowa ke mantawa. Kwano kusoshi ne ke riƙe da shi, silin na roba ko na filasta kuma ƙafa ɗaya ke fasa shi. A daren ruwan sama, ƙarar ruwa a kan kwano tana rufe ƙarar ɓamɓarar. In ba za a iya yi wa gida duka ba, a zaɓi ɗakin maigida da sito, a shimfiɗa ragar ƙarfe irin ta zubin kankare a saman silin, a kama ta da bango. Katanga kuma mai fuska biyu ce: in ta yi tsawo sosai, wanda ya riga ya dira ciki ya samu sutura, yana aikinsa babu mai ganinsa. Abin da ya fi tsawonta muhimmanci shi ne abin da ke jingine da ita. Tarin bulo, bishiya, ƙarfen tankin ruwa, tsanin da magina suka bari, da katangar kangon da ke maƙwabtaka da kai, duk matakala ne. Waya mai reza ta fi fasassun kwalabe, waɗanda buhu ko tabarma ke rufewa. Kada kuma kowa ya ba ka shawarar jona wa waya wutar NEPA kai tsaye. Katangar lantarki ta gaskiya tana da na'urar da ke sakin wuta ɗan ƙyas, kamar sau ɗaya a daƙiƙa, ta firgita ba ta kashe ba. Jonin kai tsaye kuwa kisa yake yi, kuma yaron maƙwabci da ya hau ɗauko ƙwallo zai iya zama na farko.

Yanzu ga kyamara. Tana da amfanin da ƙarfe ba shi da shi. Tana nuna maka wanda ke ƙwanƙwasa get kafin ka buɗe, tana nuna wanda ya yi kwana uku yana zagaya layin da rana, kuma ita ce ke tona ɗauke-ɗauken cikin gida, wanda ƙarfe ba ya gani tunda mai yin sa da makulli yake shiga. Amma ana sayar da ita ba tare da an yi wa mai saye lissafin wuta ba. Kyamara huɗu da na'urar ajiye hoto, wato DVR, suna cin kamar wat 40 zuwa 50 da dare. Batir mai ruwa na 12V 100Ah, in ana so ya yi ƙarko, rabin cajinsa kawai ake ci, wato kamar awa 12 ke nan. Kafin ta kwana ta wuni tana aiki sai da fanel ɗin sola da na'urar caji. Wanda ya jona ta a wutar gari kaɗai, a daren da aka ɗauke wuta ba shi da kyamara, kuma irin daren ɓarawo yake so.

Sauran kurakuran na wurin kafawa ne. Masu sawa suna son kai ta can ƙarƙashin rufi, daga nan kuwa saman hula kawai za ka gani. Mita 2.5 zuwa 3 ya isa. Kyamarar 2MP (wato megapixel 2, ma'aunin kaifin hoto) mai faɗin gani tana fayyace fuska ne a tazarar mita huɗu ko ƙasa da haka; bayan nan za ka ga mutum amma ba za ka iya rantsuwa a kan ko wane ne ba. Don haka ɗaya ta fuskanci get daf da daf, maimakon dukansu su riƙa kallon tsakar gida. Ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo suna mayar da hasken dare cikin idonta hoton ya yi fari fat, sai an riƙa gogewa. Faifan 1TB yana riƙe hoton kyamara huɗu na kamar kwana goma zuwa sati biyu, sannan ya hau goge na baya. DVR ɗin da aka ajiye ƙarƙashin talabijin a falo kuwa da shi ake tafiya. A ɓoye shi a akwatin ƙarfe a wani ɗaki, a canza lambar sirrin da mai sawa ya saka. Ƙananan kyamarori masu solarsu da layin waya sun fi sauƙi, suna turo saƙo a waya, amma suna barci sai sun ji motsi, wani lokaci kafin su farka mutum ya wuce, kuma in data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, saƙon ba zai zo ba.

In bayan ƙarfe wani abu ya rage, kafin kyamara ka sa jiniya. Na'urar maganaɗisu mai jin an buɗe ƙofa a ƙofofi, na'urar jin motsi ɗaya a falo, jiniya mai ƙara a sama inda hannu ba ya kai, da ƙaramin batir na 12V 7Ah. Ba ta cin wuta sosai, kuma tana yin abin da kyamara ba ta yi, wato ta da unguwa. Sharaɗinta shi ne maƙwabta da 'yan sintiri su san ƙararta, su san me za su yi. A unguwar da ba ta cika ba, kuɗin sintiri na wata da lambar wayar maƙwabta biyar suna cikin kayan tsaro, tare da lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da lambar gaggawa ta 112. Fitilar sola mai kamawa in ta ji motsi, ɗaya a get ɗaya a bayan gida, ita ma ta biya kuɗinta.

Batun gwal da takardu. Ƙarƙashin katifa, saman wadirob, cikin akwatunan lefe da jeren kwanuka, nan ake fara dubawa. Ƙaramin sef mai madannai irin na otal, in ba a kafe shi ba, tattara wa ɓarawo kaya ne wuri ɗaya ya saɓa a kafaɗa. Sef na gida sai an ɗaure shi da manyan kusoshi huɗu na milimita 10 ko 12 a cikin kankaren ƙasa, a lungun da ba za a samu wurin zura sandar ƙarfe ba, kuma ba a ɗakin maigida ba. A lura, sef mai jure wuta daban, mai jure ɓalla daban. Takardar mallakar fili ta fi buƙatar na farko, gwal na biyu. Kowace sarƙa da awarwaro a auna giram ɗinta, a rubuta karat ɗinta, ko 18 ce ko 21 ko 22, a ɗau hotonta tare da rasit. Takardu a ɗau hotonsu a ajiye a imel, kwafi kuma a wurin ɗan'uwa amintacce. Lambar jikin janareta, inbata da babur a rubuta su, ta waya kuma ana ganinta in an danna *#06#. Da waɗannan ne ake iya cewa "nawa ne" in an kama kaya.

Tsabar kuɗi masu yawa ba su da wurin zama a gida. Tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, take lamunce ajiyar kowane mutum har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, kuma mai gudun kuɗin ruwa yana da irin su Jaiz da TAJ. Gwal ɗin da ba a sawa sai biki, a tambayi banki ko reshensu yana karɓar ajiyar kaya masu daraja, a karanta sharuɗɗan da kyau, domin wancan lamunin na kuɗin asusu ne, bai shafi kaya ba. Wanda ake sawa kullum ya zauna a sef. Kuma duk wannan shiri na mai haurowa ne a ɓoye. In masu makami ne suka riga suka shigo, a ba su abin da suka nema.

Da ɗan gari akan ci gari. Magina, mai fenti, mai tayil da mai wayarin sun yi watanni suna shiga da fita da makullan gidan nan, an bar su ƙarƙashin bulo, an ba yaro ya kai wa wani. Ba zargin kowa ake yi ba, amma babu wanda zai iya ce maka ga adadin kwafin da ke yawo. Kafin kayan Hajiya su shiga, ka canza silindar kowace ƙofar waje da kwaɗon get, ka buɗe kwalinsu da hannunka, ka ƙirga makullan.