Kamfanin samo aiki ko ka taka da ƙafarka?

Ƙanena, ka ce wata huɗu ke nan da ka gama bautar ƙasa, wani ofis ya ce ka kawo dubu goma sha biyar kuɗin fom su samo maka aiki, kana tambaya ka biya ko ka ci gaba da nema da kanka. Riƙe kuɗinka tukuna.

Kamfanin ɗaukar ma'aikata na gaskiya ba a aljihun mai neman aiki yake ci ba. Banki ko masana'anta ne ke ba shi kwangilar kawo mutane, su ke biyansa. Yarjejeniya ta 181 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1997 ma ta ce kada a caji ma'aikaci. Sannan dole kamfanin ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Takardar CAC, wato ta rajistar kasuwanci, da suke maƙalawa a bango ba ita ba ce, ko mai shagon cajin waya yana iya yin ta.

Ni na taɓa biya. Wani ɗaki ne a saman bene, benci biyu, fanka mai ƙara, da katon littafi da muka rubuta sunayenmu. Rasit ɗin ko hatimi babu. Bayan sati uku aka kira mu intabiyu, muka sha guga muka je, ashe tallar maganin ƙarin kuzari ce, kuma sai ka sayi kayan da kuɗinka kafin ka fara.

To a ce ka dace da na gaskiya. Amfaninsa sauri: yana da ƙofar shiga bankuna, kamfanonin waya da wasu masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, inda in ka kai takardunka da kanka a wajen mai gadi za su kwana. Sai dai ka san cewa sau da yawa kai ma'aikacinsa ne, ba na bankin ba. Kanta ɗaya za ku zauna da cikakken ma'aikaci, aiki ɗaya, albashi kuwa ko kusa, ƙarin girma sai ka yi da gaske, ranar da kwangila ta ƙare kuma shi ke nan. Kafin ka sa hannu tambayi wa zai biya ka, nawa zai shigo asusunka bayan an yanke, kuma ina fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 daga albashinka, kashi 10 daga mai ɗaukarka. Mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun 2024. Digiri a hannu, kar a saya ka ƙasa da haka.

Nema da kai yana cin lokaci da kuɗin adaidaita sahu, amma nan Kano ce. Manyan 'yan kasuwar Kwari, Singa da Dawanau suna buƙatar wanda ya iya lissafi a kwamfuta, ya riƙe sito, ya rubuta wasiƙa zuwa banki. Ba za ka ga sun ba wani kamfani cigiya ba. Amana suke nema, sai wani ya ce ɗan gidan wane ne, na tsaya masa. Don haka kawunka da abokan Baba da wurin da ka yi bautar ƙasa sun fi fom ɗin can daraja. Makarantun kuɗi kuma ka zaga su da takardunka a watan Agusta, kafin a koma sabon zango. Aibin wannan hanya shi ne yawanci magana ce ta fatar baki: babu takardar kama aiki, babu fansho, wani lokaci albashin ma sai ka ga fuskar Alhaji a sake kafin ka tuna masa wata ya yi.

Masu cewa za su kai ka Saudiyya ko Dubai, ka fara kawo fasfo da kuɗi, waɗannan ko gaisuwa kar ta haɗa ku.

Da ni ne kai, zan ajiye takarduna a kamfani biyu ko uku masu lasisi, kyauta, in ci gaba da zagayena ban zauna jiran kiransu ba. Wancan ofishin kuwa koma ka ce su nuna maka lasisin, su faɗa maka sunan kamfanin da ya ba su aikin. In suka hau kame-kame, dubu goma sha biyar ɗin ta ishe ka buga takardu da kuɗin mota na kwanaki.