Pac-Man ko Neo Geo: wanne za ka fara gyarawa?

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin tsofaffin injinan gem guda biyu, irin na tsaye da ake jefa wa kwandala, Pac-Man da Neo Geo MVS, duka ba sa kamawa, kuɗinka kuma na ɗaya ne. Ni dai Neo Geo zan ce ka ɗauka, duk da cewa Pac-Man ya fi kwanta mini a rai.

Kamfanin Namco na Japan ne ya fitar da Pac-Man a 1980, Midway kuma ya ƙera na Amurka, mai akwatin katako rawaya. Wasa ɗaya ne tak a cikinsa. Ya kuma riga tsarin wayoyi na JAMMA da kamfanonin Japan suka daidaita a tsakiyar shekarun 1980, don haka wayoyinsa nasa ne shi kaɗai. Bakin da ke haɗa allon lantarkinsa da wayoyi yakan ƙone saboda zafi, talabijin ɗinsa a tsaye take, kuma sau da yawa za ka tarar zanen filin wasan ya zauna daram a gilashi ko an kashe wuta. Wannan tabon ba ya gyaruwa. Ni ban ma ɗauke shi aibi ba, shaida ce ta shekarun da injin ya yi yana wa jama'a aiki.

Neo Geo na kamfanin SNK, wanda ya fito a 1990, kaset yake ci. Akwai mai ramin kaset ɗaya, biyu, huɗu ko shida. Ka gyara akwati ɗaya, ka samu wasanni irin su Metal Slug da Samurai Shodown da The King of Fighters. Babbar cutarsa ɗan batirin da ke kan allon lantarkinsa: idan ya tsufa yakan yi yoyo ya cinye siraran layukan tagulla da ke kusa da shi. Nan za ka fara dubawa kafin ka sa hannu a aljihu. In ɓarnar ba ta yi nisa ba, cire batirin, wanke wurin, goge bakin kaset, sau da yawa ya tashi.

Talabijin mai ƙeya ita ce wahalar duka biyun. Tana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare soket, saboda haka nemi tsohon mai gyaran talabijin ya sauke wutar, ya canza kwandensocin da suka bushe. Don Allah kada ka musanya ta da talabijin ta bango; don wancan gilashin aka zana hotunan, launinsu ma a kansa yake fita.

Ka kuma tambayi ƙasar da suka fito. Na Amurka wutar bolt 120 suke sha, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce. Sai da taransifoma mai rage wuta za ka jona.