Hasashen damina: wanne ya cancanci kuɗinka?

Shamuwa ta iso, gawo ya fara zubar da ganye, dattawa sun ce damina ta kusa. Gaskiya suka faɗa, sai dai shamuwa ba ta gaya maka ko ruwa zai ɗauke kwana goma bayan ka zuba iri mai tsada a ƙasa.

Fara da na kyauta. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa: yaushe ruwa zai zauna, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari. Amfaninsa a shagon iri yake. Ka tuna jihar Kaduna ba damina ɗaya gare ta ba. Mai citta a Kachia ko Kafanchan yana ganin ruwa tun Afrilu, manomin Makarfi da Ikara kuwa sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, kuma ruwan Zariya bai wuce milimita 1,000 da ɗan wani abu a shekara ba. In an ce damina gajera ce a ƙaramar hukumarka, nemi masarar SAMMAZ mai saurin nuna, irin ta cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, wadda ke kaiwa cikin kwana 90 zuwa 95, ka bar mai kwana 120. Amma wannan hasashe ba zai faɗa maka abin da zai faru ranar Talata ba.

Rediyo da malamin gona su ne masu warware bayanin, musamman ga wanda karatu ke ba wahala. Matsalar kawai, malamin gona ɗaya ne ga ƙauyuka barkatai.

Manhajojin waya fa? A ganina su suka fi ruɗi. Hoton gajimaren da ke kan “Kaduna” na cikin gari ne, gonarka kuma tana Saminaka, ga ruwanmu na hadari ne, yana jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na gaba.

Inda biyan kuɗi ke da hujja shi ne saƙon tes na hasashen kwana ɗaya zuwa biyu. Ruwa mai ƙarfi na dare guda ya isa ya wanke takin yuriya ko maganin feshi, asarar da ta ninka kuɗin saƙon damina guda. Kafin ka yi rajista, tambayi ko da wurin gonarka ake haɗa hasashen, ko da Hausa yake zuwa, nawa ake cira daga katinka, kuma yaya ake dakatarwa. Gwada shi mako biyu kana rubuta abin da ya sauka.

Da wannan rubutun ma'aunin ruwa ke shigowa, ɗan mazubi mai lambobi da ake kafawa a fili nesa da bishiya. Ƙa'idar masana ita ce a samu milimita 20 cikin kwana uku kafin shuka, kuma ba a hango fari a gaba ba. Guda ɗaya ya ishi ƙungiyar manoma, muddin akwai mai duba shi kowace safiya.