Daga Ingila: batun idon jikanki

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya. Na ga hoton jikanki da kika turo, kuma tun jiya hankalina bai kwanta ba. Fatar idonsa na hagu ta sauko ta rufe kusan rabin ƙwayar. Da irin wannan aka haifi autana, shi ya sa nake rubuto miki.

A nan, kafin jariri ya cika awa 72 sai an haska masa ido da ɗan fitila, a sake dubawa yana da sati 6 zuwa 8. A dubawa ta biyu likitan unguwarmu ya tura mu asibitin ido. Suka ce tsokar da ke ɗaga fatar ce ba ta da ƙarfi tun daga ciki. Abin tsoron ba munin ba ne: idon da ke rufe ba ya koyon gani, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da shi, kuma bayan shekara 7 zuwa 8 gyaran yana wuya. Na tuna yadda yaron yake ɗaga haɓa sama, yana tattare goshi, don kawai ya ga fuskata. Mu kuwa muna cewa barci yake ji.

Sai da muka yi wata da watanni muna manna masa filasta a lafiyayyen idon, awa biyu kullum, yana kuka yana ɓarewa. Daga baya aka yi tiyata, aka ɗaure fatar da tsokar goshi da wani siririn zare, yanzu da gira yake buɗe idon. Ko kwabo ba mu biya ba, har tabarau. Amma jiran layi, Yaya, sai mai haƙuri. A gida in kuɗi na hannu, cikin sati guda za ki ga babban likita, abin da a nan ba ya samuwa da sauƙi.

Don haka kada ku ce sai an fito waje. Ku kai shi asibitin ido na ECWA nan Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ku nemi likitan idon yara. A daina sa masa kwalli, wani yana ɗauke da gubar dalma, kuma ba ya ɗaga fata. Kuɗin mota da na kati zan turo ranar Juma'a in Allah ya yarda. Ki gaishe min da maman yaron.