Horon Man O' War a Duwatsun Shere: abin da ɗalibi ke samu da shirin da ake bukata

Makarantun sakandare da dama kan kwashi shugabannin ɗalibansu zuwa cibiyar horon shugabanci ta Gwamnatin Tarayya da ke Duwatsun Shere, gabas da Jos, wadda kowa ya fi sani da Man O' War. Horon yana da amfani na gaske ga ɗan shekara 14 zuwa 18, amma amfanin ba a fareti da shan wahala yake ba, kuma makarantar da ba ta shirya abin da za ta yi bayan dawowa ba kusan asarar kuɗin iyaye ta yi.

An fara wannan horo a 1951 a gaɓar tekun Man O' War kusa da Victoria, wato Limbe ta Kamaru a yau, ƙarƙashin Alec Dickson, bisa tsarin Outward Bound, wato horon gina halin matasa ta ayyukan fili masu wahala, da Kurt Hahn ya assasa a Birtaniya a 1941. Daga baya aka dawo da shi cikin Najeriya, aka buɗe rassa, ciki har da na ruwa a Apapa ta Legas. Na Shere shi ne na dutse, kuma ƙololuwar duwatsun ta kai mita 1,800 da ɗoriya.

Ana tashi tun duku-duku a yi gudu da motsa jiki, sannan a raba yara rukuni-rukuni. Akwai tsallake shingaye, hawan dutse, saukowa da igiya, doguwar tafiyar ƙafa, karatun taswira, agajin gaggawa da lacca kan zama ɗan ƙasa nagari. Laccar ba ta fi ta aji ba, yawanci yara sun gaji suna gyangyaɗi.

Inda kuɗin ke biyan kansa shi ne ayyukan da mutum ɗaya ba zai iya ba, kamar katangar da ta fi kowa tsayi, wadda dole duk 'yan rukuni su haye ba tsani ba igiya. Rukunin da bai tsaya shawara ba yakan tura ƙarfafansa sama tun farko, sai a wayi gari an bar mai jiki ko gajere a ƙasa ba mai ɗaga shi. Wanda ya yi tunani yakan fara tura mutum biyu masu ƙarfin hannu su zauna a sama, a ɗaga masu nauyi tun akwai jama'a a ƙasa, a bar dogo mara nauyi mai iya tsalle a ƙarshe. A nan ne yaron da ya saba ba da umarni da tsawa yake ganin tsawar ba ta ɗaga kowa ba, kuma sau da yawa shawarar da ta fitar da su daga bakin wani mai shiru-shiru take fitowa. Wannan darasi ba ya zama a zuciya sai an zauna da yamma an tambayi yaran abin da ya faru: wa ya yi magana, wa aka ƙi saurara, me ya sa aka kasa a karon farko. Malamin da ya rako su ya tabbata ana yin wannan zama, kuma ya roƙi a riƙa juya shugabancin rukuni kullum, kada babban ɗalibin makaranta ya riƙe shi har a tashi.

Yawancin matsalolin da ake samu daga gida ake zuwa da su. Na farko takalmi. Iyaye kan sayi sabo ranar jajibirin tafiya, kwana biyu ƙafa ta yi bororo, yaro ya koma ɗan kallo. A sayi kambas mai ƙasan roba mai kama dutse, a sa shi kullum na mako biyu kafin tafiya, da safa mai kauri aƙalla ƙafa huɗu. Na biyu sanyi. Daga Disamba zuwa Janairu daren Jos kan sauka ƙasa da digiri 15, ga iska a kan dutse. A haɗa rigar sanyi, hular sanyi, bargo, man kaɗanya saboda tsagewar leɓe da diddige, da tocila. A Yuli da Agusta kuma dutse santsi yake yi, don haka rani ya fi, kuma a kauce wa watan azumi.

Sanyin yakan hana jin ƙishi alhali jiki na zubar da ruwa. Kowane yaro ya riƙe gorarsa ta lita ɗaya, malami kuma ya zo da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Batun lafiya ba wurin ɓoye-ɓoye ba ne. Sanyi, tudu, gajiya da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon sikila, kuma a Shere a haɗe suke. Mai sikila kada ya je sai da amincewar likitansa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a akwati ba, kuma a sanar da masu horo a rubuce. Wasu iyaye kan ɓoye don kada a cire ɗansu daga jerin, wannan ganganci ne.

'Yan mata suna yin duk abin da maza ke yi, kuma bai kamata a hana su ba. A tafi da malama mace, a tambayi tsarin makwanci da lokutan salla tun kafin biyan kuɗi. Dogon wando da riga mai saukowa cinya sun wadatar. Hijabi ya zama ƙarami wanda ake cusawa cikin riga, domin mai faɗi yana iya maƙalewa a ƙarfen da igiya ke bi lokacin saukowa daga dutse.

Raunin tsarin shi ne gajarta. Kwanaki kaɗan ba sa gina hali, suna dai nuna wa yaro abin da zai iya. Idan aka bar su haka, abin da ya fi sauƙin kwaikwayo suke ɗauka, wato kaki da maci da sa ƙananan ɗalibai tsallen kwaɗo, wanda kishiyar manufar horon ne. Kafin mota ta tashi, shugaban makaranta ya ware wa kowane rukuni aiki na zango guda: kula da akwatin agajin gaggawa, tsaftar rijiya ko famfo, koyar da 'yan aji ɗaya karatu, ko renon bishiyoyin harabar makaranta. A ba su ɗan kuɗin da za su riƙe su kawo lissafi, a haramta musu hukunta kowa, kuma malamin da ya raka su ya zauna da su duk mako biyu ya yi musu irin tambayoyin da aka yi musu bayan katanga.