Tallafin korona ga 'yan lambu a Jos: injin ya biya, takin ya makara

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan lambu a bayan Bukuru, masu ban ruwa daga tafkunan da haƙar kuza ta bari. Kabeji, karas, latas da koren wake muke yi, mu kai kasuwar Farin Gada. Da yake takardun a hannuna suka bi, bari in faɗi yadda na ga tallafin korona da aka ba manoma.

Kullen 2020 ya taɓa mu sosai. A takarda an ce motar abinci ta wuce, amma masu saye daga Kudu suka ɗauke ƙafa, latas kuwa ba ya jiran kowa. Wanda ya yanka da safe, kafin la'asar ya yi yaushi.

Abin da ya fara zuwa shi ne rancen Babban Banki na naira biliyan 50, ta bankin NIRSAL, da ruwa kashi 5 cikin 100. Ban nema ba, kuma ban yi da-na-sani ba. Mutanenmu da yawa sun ɗauka rabon gwamnati ne. Wani mai shagon intanet ma haka ya riƙa gaya musu, yana cike fom yana yankar nasa kason tun kafin kuɗin su yi ɗumi a asusu. Bashi kuwa bashi ne, kuma yana ɗaure da BVN ɗinka.

Wanda ya shigo gonata shi ne NG-CARES, shirin gwamnati na farfaɗo da jama'a bayan korona, ta ɓangaren shirin noma na Fadama. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin a Disamba 2020, kowace jiha miliyan 20. Ba kuɗi ake ba manomi a hannu ba, kaya ne: iri, taki, maganin feshi, injin ban ruwa. Sai kana cikin ƙungiya, sai an zo an ga gonar da ido. Tsarin kuma jiha ce ke fara kashewa, a tantance, sannan a mayar mata. Shi ya sa aka yi ta dawowa ana ɗaukar mu hoto da kayan. Shugabanmu, dattijo ne, ya gaji ya ce min, "Kai yaro, wai injin suka ba mu ko ajiya?" Na ce, "Baba, yi haƙuri, wannan hoton ne ya hana wani ya karɓa da sunanka."

Injin dai ya biya. Mai inci biyu ne, da tiyonsa. A da haya nake yi, kuma mai inji sai ya gama shayar da nasa kafin ya waiwaye ni, wani lokaci rana ta take, ruwan ya ƙona dashe. Yanzu da asuba nake tayarwa, cikin sanyin Jos ɗin nan da ke sa yatsu su ƙage a kan igiya, kafin hantsi na gama fangalina. Na ƙara fili, har na sa dankalin Turawa na rani.

Taki ne ya ɓata min rai. Ɗan kwangilar da ya kawo namu ya iso bayan kabeji ya naɗe kai, lokacin da ba ya bukatarsa. Wasu suka sayar a ƙofar wurin rabon, ban kuma zarge su ba. Irin karas ɗin ma ba wanda kasuwa ta saba da shi ba ne. Dillalai suka yi ta taya shi da wulaƙanci.

Sai fetur. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, injin ke cin rabin ribar da ya kawo. In za a sake irin wannan rabo, a kawo mai aiki da hasken rana, ko da mutum uku za su haɗu a kan ɗaya. Wanda kuma aka kira karɓar inji, ya je da fetur ɗinsa a gora, a tayar a gabansa kafin ya sa hannu. Na maƙwabcina sai da ya kai gona ya tarar ba ya jan ruwa.